Fayilolin Na'ura da Ke Ɓacewa Idan An Ɗora wa Waya Sabon Kanel

Duk wanda ya taɓa harhaɗa kanel ɗin Linux da hannunsa ya ɗora wa waya ya san wannan hali. An gama gini lafiya, babu kuskure ko ɗaya, an yi filashin, waya ta kunna, ta nuna tambari, sai ta tsaya cak. Ko kuwa ta ɗan jima ta sake tashi da kanta, ta yi ta zagaye a wuri ɗaya. Wani lokaci ma tana kaiwa har ciki, amma gilashi ba ya jin taɓawa, ko kyamara ta ƙi buɗewa, ko sauti ya ɗauke ɗif. Idan Allah ya sa an samu hanyar leƙa saƙonnin da ta bari, sau da yawa abin da za a tarar layi ɗaya ne: wani shiri ya nemi wani fayil a cikin foldar /dev, aka ce masa “No such file or directory”.

Abin da zuciya ke fara raya wa mutum shi ne ya ƙirƙiri fayil ɗin da kansa, tunda ga umarnin mknod, a wuce wurin. A ganina babu hanyar da ta kai wannan cinye wa masu aikin nan dare a banza. Fayil ɗin da ya ɓace shi ne abu na ƙarshe a jerin abubuwan da dole kowanne ya tabbata kafin na gabansa ya yiwu, kuma ɓatansa ba ya gaya maka inda jerin ya tsinke. Tambayar da ta kamata a fara da ita ita ce: shi kanel ɗin ya san da wannan na'ura kuwa? Amsarta tana cikin /sys, kuma ita ce ke raba matsalar gida biyu.

Kafin a kai can, sai an san mene ne fayil ɗin na'ura. Idan ka buga ls -l /dev/null, a inda ake rubuta girman fayil za ka ga lambobi biyu da waƙafi a tsakaninsu, 1, 3, kuma harafin farko na layin c ne. Babu wani abu a cikin fayil ɗin da ya wuce wannan: nau'i, da babbar lamba, da ƙaramar lamba, sai mai shi da izinin buɗe shi. Nau'in c na na'urorin da ake karantawa a jere ne, irin su gilashin taɓawa da layin siriyal. Nau'in b na ma'ajiya ne, wadda ake karantawa tubali-tubali. Babbar lamba tana nuna direban da ke da alhakin na'urar, ƙarama tana nuna wace ce daga cikin na'urorinsa. Shi ya sa /dev/console yake 5, 1, ma'ajiyar eMMC take farawa da 179, faifan SCSI, har da ma'ajiyar UFS ta sababbin wayoyi, suke farawa da 8. Kamar allon da ake kafawa a bakin layin kasuwa ne mai nuna lambar rumfa: ko ka rangaɗa rubutun allon, idan babu mai rumfa a ciki ba wanda zai sayar maka da komai.

Daga nan mutum zai gane cewa saƙonnin kuskure uku da ake yawan cakuɗawa ba abu ɗaya suke faɗa ba. “No such file or directory” na nufin fayil ɗin ne babu, ko kuma yana wani wuri da wani suna. “No such device or address”, ko ɗan'uwansa “No such device”, na nufin fayil yana nan amma babu direban da ya amsa lambobinsa, kuma shi ne sakamakon da mai gaggawar mknod ya fi samu. “Permission denied” kuwa na nufin ana iya samun fayil da direba duka, izini ne ya hana. Wanda ya karanta kuskuren a tsanake ya riga ya rage wa kansa wahala mai yawa.

To wa ke ƙirƙirar waɗannan fayiloli? A zamanin da, wani rubutaccen umarni mai suna MAKEDEV ne ke zuba dubbansu a /dev tun lokacin girka tsarin, ko na'urar tana nan ko ba ta nan. Sai devfs na Richard Gooch ya shigo a shekarar 2000, aka cire shi a Linux 2.6.18 a 2006, bayan udev na Greg Kroah-Hartman, wanda ya fito a 2003, ya karɓe aikin. A ƙarshen 2009, a Linux 2.6.32, aka shigo da devtmpfs, aikin Kay Sievers, inda kanel da kansa yake ƙirƙirar fayil da zarar direba ya yi wa na'ura rajista. Tun daga nan aikin udev ya koma gyara izini da ƙara laƙabi. Haka kwamfutoci masu Linux suke aiki har yau.

Android ba ta bi wannan hanya ba, kuma nan ne tushen rikici mai yawa. Shirin init na Android yana ɗora tmpfs wayam a kan /dev, ya ƙirƙiri 'yan fayiloli kaɗan da hannu, irin su kmsg da null da urandom, sannan ya bar sauran ga wani shiri mai suna ueventd. Shi ueventd sauraron sanarwar kanel yake yi ta soket ɗin netlink. Duk lokacin da aka yi wa na'ura rajista, kanel yana aika sanarwa mai ɗauke da suna da lambobi, shi kuma ya ƙirƙiri fayil, ya ba shi izinin da aka rubuta a ueventd.rc. Na'urorin da suka riga shi tashi fa? Don su yake zagaya /sys a farkon tashinsa, yana rubuta kalmar add a cikin kowane fayil mai suna uevent, kanel kuma ya maimaita sanarwar. Har wuraren ajiya ma sun bambanta: abin da devtmpfs zai kira /dev/mmcblk0p1, a Android /dev/block/mmcblk0p1 ne, kuma /dev/fb0 ya zama /dev/graphics/fb0. Sau da dama fayil ɗin da ake kuka ya ɓace yana nan daram, folda ɗaya ce tsakaninsa da mai nemansa.

Tunda Android ba ta buƙatar devtmpfs, kanel ɗin da kamfanonin waya ke fitarwa sau da yawa yana zuwa ba a kunna CONFIG_DEVTMPFS ba. Muddin Android ce za ta hau kansa, babu damuwa. Amma ranar da aka ce za a ɗora postmarketOS, ko Ubuntu Touch ta hanyar Halium, ko wani ƙaramin tsari na BusyBox, sai a tarar da /dev babu komai, domin udev na zamani ba ya ƙirƙirar fayilolin da kansa, jira yake kanel ya yi. Wannan ne ya sa kayan binciken saitin kanel na postmarketOS da na Halium duk suke neman a kunna shi.

Akwai kuma wani tarko a nan da ya kama mutane da yawa. Zaɓin CONFIG_DEVTMPFS_MOUNT yana sa kanel ya ɗora devtmpfs da kansa, amma sai idan kanel ne ya ɗora tushen fayiloli kai tsaye daga ma'ajiya. Idan da initramfs aka tashi, kamar yadda kusan kowace waya ke yi, wannan zaɓi ba ya aiki, kuma bayanin da ke tare da shi a cikin saitin kanel ya faɗi haka ƙarara. Dole rubutun init ya buga mount -t devtmpfs devtmpfs /dev da kansa. Sannan idan za a koma ainihin tushen da switch_root, dole a kwashe /dev da /proc da /sys a kai su sabon gida, in ba haka ba tsarin zai farka a cikin /dev ɗin da ba komai. Duba /proc/mounts kaɗai ya isa ya tona wannan, har da yanayin da wani rubutu ya zo daga baya ya ɗora tmpfs a kan /dev ya binne abin da ke ƙasa. Fayil ɗaya ne ba ya jiran kowa: /dev/console. Kanel yana buɗe shi kafin ya kira init, don haka dole ya kasance cikin initramfs tun asali. Idan babu shi za a ga “Warning: unable to open an initial console”, kuma duk abin da init zai faɗa daga nan ya tafi a iska.

Duk wannan bincike yana buƙatar ido a cikin wayar, alhali kuwa wayar da ta maƙale a tambari ba ta magana. Shi kansa adb ba abin dogaro ba ne a wannan mataki, domin sai direban USB ya tashi, an shirya configfs, an ɗora functionfs a /dev/usb-ffs/adb, kafin kwamfuta ta gan shi. Wato kayan binciken ma yana iya kamuwa da cutar da ake bincike. Abin da ya fi tabbas shi ne pstore da ramoops: kanel yana ajiye saƙonninsa a wani keɓaɓɓen yanki na RAM wanda ba ya gogewa idan waya ta sake tashi ba tare da wuta ta yanke ba. Sai a shiga rikabari mai aiki, a karanta /sys/fs/pstore/console-ramoops-0, ko /proc/last_kmsg a tsofaffin wayoyi. Sharaɗin shi ne kanel biyun su yarda a kan adireshin yankin da girmansa, kuma kada a cire batir a tsakani. Wanda ya iya riƙe ayan ɗin solda zai iya neman wuraren UART a jikin allon waya, ya ƙara earlycon a layin umarnin kanel, ya ga komai tun daga numfashin farko, sai dai ya kula cewa yawancin waɗannan layuka a kan bolt 1.8 suke aiki. A postmarketOS akwai hanyar tsayar da tashi a cikin initramfs, a shiga da telnet ta kebul ɗin USB a adireshin 172.16.42.1.

Bari in faɗi wani abu da nake ganin ya fi kowace dabara amfani, kuma kafin filashin ake yin sa. Tun wayar tana kan kanel ɗinta na asali, a kwafe jerin duk abin da ke /dev da izininsa, da /proc/devices, da /proc/partitions, da /proc/cmdline, da dmesg, da /proc/config.gz idan akwai, da bishiyar na'urorin da ke /proc/device-tree. Idan babu config.gz, rubutun extract-ikconfig da ke cikin tushen Linux yakan iya zaro saitin daga hoton kanel, matuƙar an saka shi a ciki lokacin gini. Da wannan ajiya, bincike ya koma kwatanta abu biyu, maimakon lalube a duhu. Inda waya ta yarda da fastboot boot kuma, gara a gwada sabon hoton da shi ba tare da an rubuta komai a ma'ajiya ba.

Yanzu a ce an samu shiga. A ce kuma fayil ɗin da ake nema na wani ɓangaren ma'ajiya ne. Sai a buga cat /sys/class/block/mmcblk0p1/uevent. Idan kanel ya san da shi, za a ga 'yan layuka kamar haka: MAJOR=179, MINOR=1, DEVNAME=mmcblk0p1, DEVTYPE=partition, da PARTNAME mai ɗauke da sunan ɓangaren, wanda a wayoyin Qualcomm da yawa masu eMMC modem ne. Ganin waɗannan layuka na nufin direba ya tashi, an karanta teburin ɓangarori, kanel ya sauke nauyinsa. Kada a sake gina kanel don wannan. Laifin yana sama, wajen mai ƙirƙirar fayil. A irin wannan yanayi ne kaɗai mknod yake da ma'ana, da lambobin da /sys ya bayar, don a tabbatar na'urar tana amsawa, ko a bar mdev -s na BusyBox ya zagaya /sys ya yi aikin gaba ɗaya. Sannan a tambayi dalilin da ya hana mai aikin yin aikinsa: ueventd ya mutu ne tun farko saboda kuskure a fayil ɗin saitinsa? An kashe wani abu a kanel da sanarwar ke bi ta kansa? An kunna tsohon zaɓin CONFIG_SYSFS_DEPRECATED, wanda ke canza fasalin /sys har udev ya kasa gane shi?

Amma a Android, abin da ya fi yawan ɓacewa ba ainihin fayil ɗin ba ne, laƙabinsa ne. Fayil ɗin fstab ba ya kiran mmcblk0p23, yana kiran /dev/block/by-name/system ne, ko /dev/block/bootdevice/by-name/vendor, ko wata doguwar hanya ta ƙarƙashin /dev/block/platform. Waɗannan duk mahaɗai ne da ake ginawa daga abu biyu: sunan ɓangare a teburin GPT, da hanyar da mai kula da ma'ajiya yake zaune a cikin /sys. Ita kuma wannan hanya daga bishiyar na'urori take fitowa. A kanel ɗin kamfani na cif ɗin Qualcomm irin MSM8953, hanyar ita ce soc/7824900.sdhci. A babban reshen Linux, na'urar nan ɗaya tana fitowa a matsayin soc@0/7824900.mmc. A SDM845 mai UFS sunan 1d84000.ufshc ne, a tsofaffin cif na MediaTek kuma akan ga mtk-msdc.0/11230000.msdc0. Harafi ɗaya ya canza, fstab ya nuna wurin da babu kowa. Sababbin Android suna gane ma'ajiyar da aka tashi daga kanta ta hanyar androidboot.boot_devices, wanda butloda ko hoton but, wato boot.img, ke miƙawa a layin umarnin kanel, ko a bootconfig tun daga Android 12. Idan ƙimarsa ba ta yi daidai da abin da ke /sys/devices/platform ba, ɓangarorin suna nan, lambobinsu suna nan, amma by-name ba za ta cika ba. Wanda ya sake naɗe boot.img ya manta da layin umarnin asali yakan faɗa wannan rami.

Matakin farko na init yana da saƙon da ya kamata kowa ya haddace kamanninsa. Idan bai ga ɓangarorin da yake buƙata ba, yana rubuta “partition(s) not found in /sys, waiting for their uevent(s)”, ya jira daƙiƙa 10, sannan ya ce “partition(s) not found after polling timeout” ya haƙura. Wayar da ke tsayawa a tambari na kusan wannan tsawon lokaci sannan ta sake tashi ko ta faɗa butloda, akwai kyakkyawan zato nan ta tsaya. Kuma a lura da kalmomin: cewa ya yi ba ya ganinsu a /sys. Wannan ya kai mu gida na biyu.

Idan /sys bai san da na'ura ba, babu abin da za a yi a /dev da zai taimaka. A wayoyi, na'urori ba sa sanar da kansu kamar yadda na PCI ko USB ke yi a kwamfuta. Bishiyar na'urori ce ke gaya wa kanel cewa a adireshi kaza akwai abu kaza. Don haka tambaya ta farko: wace bishiya kanel ya karɓa? Ba lallai ba ne wadda ka gina. Tsofaffin wayoyi suna manna ta a wutsiyar hoton kanel, wasu na Qualcomm suna da dt.img inda butloda ke zaɓa bisa qcom,msm-id da qcom,board-id, fasali na 2 na hoton but da ya zo da Android 10 ya ba ta gurbi nata, fasali na 3 na Android 11 ya mayar da ita vendor_boot, ga kuma ɓangaren dtbo da butloda ke shimfiɗawa a kanta. Abin da ke /proc/device-tree shi ne gaskiyar abin da ya iso. A nemi kullin na'urar a can, a duba status ɗinsa okay ne ko disabled, a duba compatible ɗinsa, sannan a bincika tushen kanel a ga ko akwai direban da ke amsa wannan suna harafi da harafi.

Idan akwai shi, an gina shi kuwa? A duba .config ɗin da aka yi gini da shi, domin defconfig na iya cewa y amma Kconfig ya watsar da zaɓin a shiru saboda wani abin da ya dogara a kai ba a kunne yake ba. Akwai kuma direbobi masu hawa biyu. Direban gilashin taɓawa zai iya tashi lafiya, ya bayyana a /proc/bus/input/devices, amma ba za a ga /dev/input/event0 ba idan babu CONFIG_INPUT_EVDEV. Mai kula da UFS zai tashi, amma babu sda sai da CONFIG_BLK_DEV_SD. Ma'ajiya za ta fito a dunƙule, mmcblk0 ita kaɗai babu 'ya'ya, idan an manta CONFIG_EFI_PARTITION, wanda shi ke karanta GPT.

Wurin da ya fi ɓoye laifi shi ne jinkirta gwaji. Direba yakan tashi ya tarar abin da yake buƙata bai iso ba tukuna: agogonsa, ko mai daidaita masa wuta, ko fil ɗin GPIO, ko yankin wutarsa. Sai ya mayar da lambar -517, wato EPROBE_DEFER, kanel ya sa shi a layin jira don a sake gwadawa. Tsari ne mai kyau, amma idan abin da ake jira ba zai taɓa zuwa ba, direba zai zauna a layin har abada, kuma sau da yawa babu wani jan rubutu a dmesg. A ɗora debugfs, a karanta /sys/kernel/debug/devices_deferred. A sababbin kanel har dalili yakan biyo sunan. Abin da ake yawan ganowa shi ne ma'ajiya tana jiran mai daidaita wuta, shi yana jiran cif ɗin wuta na PMIC, shi kuma yana jiran direban layin SPMI ko I2C da ba a gina ba. Fayil ɗin da ya ɓace na ma'ajiya ne, amma mai laifin yana nesa da hawa uku, a wani sashen saitin da ba wanda zai yi zaton yana da alaƙa da ita. A bi layin har ƙarshe, a gyara na ƙarshen, sauran za su biyo. Ƙara initcall_debug da ignore_loglevel a layin umarni yana nuna wane direba aka kira da abin da ya mayar. Idan kuma saƙon “Direct firmware load ... failed with error -2” ne, direba ya nemi fayil ɗinsa tun kafin a ɗora ɓangaren da fayil ɗin yake, maganin kuwa a saka shi cikin initramfs ko a mayar da direban modul da za a loda daga baya.

Maganar modul ta ƙara nauyi tun da Google ta kawo tsarin GKI, wanda ya kankama a Android 12 da kanel 5.10. A wannan tsari gangar jikin kanel ɗaya ce, direbobin cif kuwa, har da na ma'ajiya, modul ne da ke cikin ramdis na vendor_boot, ana loda su bisa jerin modules.load, sauran kuma suna vendor_dlkm. Wanda ya canza kanel ya bar tsofaffin modul, idan saitinsa ya taɓa fasalin wani tsari na ciki, zai ga “disagrees about version of symbol” ko “Unknown symbol”, modul na farko ya ƙi shiga, duk na bayansa su zube. Sakamakon shi ne kanel lafiyayye da ba ya ganin ma'ajiyar da yake zaune a kai. Wannan ya shafi masu gyaran waya na wajenmu kai tsaye, domin yawancin wayoyin da ke hannun jama'a, irin su Tecno da Infinix da itel, cif ɗin MediaTek ko Unisoc ne a cikinsu, kuma ɗauko boot.img na wata waya don kawai cif ɗinsu ɗaya ne ba ya wadatarwa: bishiyar na'urori da modul da fstab duk sai sun dace da juna.

A nan ne kuma nake so in ja kunne da gaske game da ƙirƙirar fayil ɗin ma'ajiya da ƙiyasi. Tsohon saitin CONFIG_MMC_BLOCK_MINORS yana ba kowace ma'ajiya ƙananan lambobi 8 ne, alhali waya tana da ɓangarori gommai. A tsofaffin kanel, waɗanda suka haura sai su ƙi fitowa. A sababbi suna fitowa, amma a ƙarƙashin babbar lamba 259. Sannan wace ce mmcblk0 wace ce mmcblk1, tsakanin eMMC da katin memori, na iya juyawa daga kanel zuwa kanel, shi ya sa aka ba da damar kafe lambar da aliases a bishiyar na'urori tun Linux 5.10. Wanda ya kwafo lambobi daga wata waya ya yi mknod, sannan ya rubuta wani abu a kai, yana iya dirar wa modemst1 da modemst2 a Qualcomm, ko nvram da nvdata a MediaTek. A can IMEI da ma'aunin rediyon wayar suke, kuma filashin ɗin manhajar kamfani ba ya dawo da su. A kwafe waɗannan ɓangarori a ajiye kafin a fara komai, lambobi kuma daga /sys na wayar da ke hannu kawai za a ɗauke su.

Batun izini ba shi da tsawo. devtmpfs yana ƙirƙirar yawancin fayiloli mallakar root da izinin 0600, alhali kayan Android suna sa ran abin da ueventd.rc ya tsara, misali /dev/kgsl-3d0 a buɗe ga kowa da 0666. Shi ya sa masu ɗora Halium suke juya layukan ueventd.rc su zama dokokin udev. A Android kuma, fayil mai sabon suna da ba a ambata a file_contexts ba yana samun lakabin SELinux na gama-gari, sai a ga “avc: denied” a saƙonni. Sassauta SELinux na ɗan lokaci don a tabbatar da zargi daidai ne. Barin waya a haka, ko watsa chmod 777 a /dev, buɗe wa kowace manhaja ƙofar ma'ajiya da makirufo ne, kuma ban ga uzurin da zai halatta miƙa wa mutum wayarsa a wannan hali ba. Wanda ke aiki a cikin chroot ƙarƙashin /data kuma ya tuna ana ɗora wannan ɓangare da nodev, don haka duk fayil ɗin na'urar da aka ƙirƙira a can ba zai buɗu ba, sai dai a ɗauro /dev na gaske da mount --bind.

Saura rukuni ɗaya, wanda ya sha bamban da sauran: fayilolin da ba na wata na'ura ta zahiri ba, yarjejeniya ce tsakanin kanel da Android. Babba a cikinsu binder ne, wanda idan babu shi servicemanager ba ya tashi, kuma babu abin da zai tashi bayansa. Tun Android 8 a 2017 guda uku ake nema, binder da hwbinder da vndbinder, kuma tsohon kanel da ya san guda ɗaya kawai sai an kawo masa gyaran da ke ba da CONFIG_ANDROID_BINDER_DEVICES. Daga Linux 5.0 kuma akwai binderfs, wanda a sababbin kanel idan an kunna shi fayilolin ba sa fitowa a /dev da kansu, sai an ɗora shi a /dev/binderfs an yi mahaɗai. Sabon kanel da tsohuwar Android da ba ta san wannan ba sukan saɓa a nan, kuma kashe CONFIG_ANDROID_BINDERFS ko ƙara 'yan layuka a init.rc yana warware shi.

Wasu kuwa ba su da irin wannan sauƙi. An cire ION daga babban reshen Linux a 5.11, aka maye gurbinsa da /dev/dma_heap. An cire ashmem a 5.18. Shi /dev/kgsl-3d0 na direban hoton Qualcomm ne na kamfani, /dev/mali0 kuma na direban Arm ne, babban reshe bai taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Abin da yake bayarwa shi ne /dev/dri/card0 da renderD128, ta direbobin msm da Panfrost da Lima, waɗanda Mesa ke magana da su. Rufaffun ɗakunan karatun kamfani da ke /vendor ba su san wannan harshe ba, kuma ko an yi mahaɗi daga tsohon suna zuwa sabo, umarnin ioctl na farko zai faɗi. A nan zaɓi biyu ne ke gaban mai aiki: ko ya ɗauko tsohon direban ya dasa shi a sabon kanel ya ci gaba da ɗawainiyarsa duk lokacin da aka sabunta, ko ya sauke kayan kamfanin ya koma Mesa da sauran buɗaɗɗun direbobi, ya yarda cewa kyamara da wasu sassa na iya daɗewa ba su yi aiki ba.